Randar Sanyi da Albasar Baba

Dodoru, Gwandu.

Zuwa ga Gwaggo Ummukulthum,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya a Fatakwal, ke da Baba Basharu da yara. Allah ya ƙara miki lafiya, ya sauwaƙe ciwon ƙafar da muka ji kina fama da shi. Mu nan lafiya lau. Kaka ta samu sauƙin tari, Inna kuma tana gaishe ki. Na rubuta ne saboda in aka ba ni waya, bakina ba ya iya faɗin abin da ke raina.

Gwaggo, na yi laifi. A makarantarmu ta Gwandu, malamar kimiyya, Malama Rahama, ta ce kowace yarinya ta duba abin da ke lalacewa a gidansu, ta tambayi dalili, ta gwada gyara. Ni na ga tumatirin da Inna ke sayarwa yana ruɓewa cikin kwana uku. Malama ta nuna mana yadda ake saka ƙaramar randa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen buhu. Na haɗa tawa a bayan ɗaki, tumatir ya yi kwana tara bai yi komai ba. Har matan maƙwabta suka riƙa zuwa kallo, biyu suka ce in haɗa musu. Ni da ƙawata Ruƙayyatu muka fara tunanin mu haɗa kai da wata mai ginin tukwane a Maruda, mu riƙa yi muna sayarwa.

Daɗin haka ya sa na ce bari in gwada albasa. Na ɗebi ƙwarya biyu daga wadda Baba ya ware a rumfa, na zuba a randar. Ban san ta iri ce ba, ban kuma san albasa bushewa da iska take so ba. Da na tambaye shi da ya faɗa mini, amma kin san ni ce 'yar fari, ba ya kiran sunana, ni ma ban taɓa tsayawa gabansa da tambaya ba. Bayan mako guda wari ya tona ni. Rabi ta tsiro, rabi ta ruɓe.

Bai yi mini faɗa ba. Ya dai aiko Kaka ta gaya mini a daina wasa da abinci a gidan nan, kuma ba zan je Kalgo ba. A can ne 'yan mata daga makarantu za su taru wata mai zuwa, kowa ta nuna abin da ta ƙirƙira, kuma Malama ta zaɓi randata. Ta ce in rubuta labarin albasar ma a littafina, domin wadda ta san abin da randar ba ta iya ajiyewa ta fi sanin aikinta. Ni kam kuka na yi ta yi.

Shekaranjiya da hantsi na hango Baba ta taga ya ɗaga buhun da ke rufe da randar, ya ɗauki tumatir ɗaya yana juyawa. Ya tambayi Kaka, "Tumatirin yarinyar nan, kwana nawa ya yi?" Kaka ta ce goma sha ɗaya. Ya mayar, ya rufe buhun da kyau, ya fita.

Gwaggo, ke ce yayarsa, yana jin maganarki. Ranar Alhamis ta sama Malama za ta miƙa sunaye. Ki taimaka ki kira shi, ki ba shi haƙuri a madadina, ki ce bana ni zan riƙa juya masa albasa a rumfa har a shuka. In ya sake cewa a'a, zan haƙura. Ina dai so ya sani ba wasa nake yi ba.

Ki gaishe mini da Baba Basharu, da Yaya Halimatusa'adiya, da Umar Faruk. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki 'ya,
Amatullahi Usman