Abin da Aka Tono a Gaban Zaurenmu

Daren Laraba

Ba za a rushe zaurenmu ba! Alhamdu lillahi. Don murna, rubutuna na yaƙi da jahilci ya ƙara karkacewa.

Tun bayan salla aka shafa wa zauren jan fenti. Wai ta kansa hanyar masu tafiya a ƙasa za ta miƙe, filin da ke gabansa kuma ya zama wurin ajiye motoci. Filin nan kuwa tun muna yara ba a ratsa shi, kewayewa ake yi. Ko jaki ka koro sai ya kauce. Inna ba ta taɓa gaya mana dalili ba.

Jikata Hadiza, da ke cikin masu zana aikin, ta dage sai an tona tukuna.

Yau da aka fara tonon, ta hango ni daga nesa ta ce, "Angona, matso mana. Ko tsoro kake ji?"

"Amarya, daga nan ma ina gani."

Da hantsi diga ta burma. Ashe ruɓaɓɓiyar azara ce, ƙarƙashinta ramukan rini, zurfinsu ya fi tsayin mutum. Ko Liman bai taɓa jin an yi marina a garin nan ba. Wani sanyi ya taso. Lebura ya zura sanda, ta fito jiƙe da shuni kamar jiya aka dama.

Yanzu an mayar da wurin ajiye motocin bayan kasuwa, hanya kuma za ta bi inda ƙafafunmu suka saba bi.

Har yanzu rigata warin ramin take yi. Gobe zan aika har garin Sandamu, kowa ya zo ya gani. Amma a zo da rana.