Ga Mijina Mai Kunna Ƙanƙara

Banifandou, Yamai

Zuwa ga Ismaël, hasken idona da ake ɗaukewa kamar wutar unguwarmu, inuwar bishiyar bedina da ta ƙaura teku ta bar ni a rana, sanyin randata, mijina na cikin salula.

Saƙonka ya iso, masoyi, har da bidiyon. Na gan ka tsaye bisa jirgin bincike a tekun Japon, cikin riga uku, riƙe da dunƙulen ƙanƙara yana ci da wuta. Tubarkalla! Ƙasarmu ko taki ɗaya na bakin teku ba ta da shi, amma Allah ya ba ta gwanin ƙarƙashin teku, ni kuma ya ba ni shi miji. Wace mace ce a Yamai ta kai ni sa'a?

Na nuna wa Hajiyarka. Kafin la'asar duk layinmu ya ji cewa ɗanta da ƙanƙara yake girki. Ranar kuwa gaz ya yanke, na sha yawo da butel ɗin gaz a bayan moto har unguwar Kalley ban samu ba. Ina dawowa sai ga maƙwabciyarmu Halima da ƙanƙarar firigonta da kwalin alimeti, wato ashana. Kwalin nan kaf muka ƙarar a kanta, ni matar masani ina tsugune ina hurawa. Da gawayi muka yi tuwo.

Ka tuna ranar nan a kasuwar Petit Marché, muna sabon aure, da ka tsaya gaban mai sayar da ƙanƙara kana yi mini darasi har kifin da muka saya ya fara wari? Ka ce can ƙasan teku akwai wata irin ƙanƙara da ta kulle iskar metan a cikinta, sanyi da nauyin ruwa ne ke riƙe ta, in an fito da ita sai ta narke, iskar ta gudu. Ka ce ranar da aka gano yadda za a haƙo ta lafiya, ba macen da za ta ƙara hawaye don hayaƙin itace. Na yarda da kai, har yau na yarda. Shekara biyu ka ce mini. Ta uku ce ke ƙarewa.

Yanzu ka rubuto wai sun ba ka takardar ƙarin wasu shekaru biyu, ka sa hannu kafin ƙarshen wata, kana neman shawarata. Ashe ana tunawa da ni.

To ga ta, zumar bakina. Saura sati uku layya. Ka san yadda Yamai take ranar: kowane magidanci a ƙofar gidansa, raguna a baje bisa sanduna sun kewaye wuta, maza na zufa suna juyawa. Layya biyu ragonmu yana raɓe a wutar maƙwabta, mata suna tambayata labarinka da muryar gaida marar lafiya. Mutumin da ya kunna ƙanƙara, itace ne zai gagare shi?

Wannan duk zan iya shanyewa. Amma Latifa, da ka bari a ciki, yanzu bakinta ya buɗe. In an ce ina Baba, salula take nunawa. Jiya na tarar ta lulluɓe ta da zanena, wai Baba yana jin sanyi. Na yi dariya har Hajiya ta leƙo, sannan na shiga ɗaki na yi kuka.

Kada ka sa hannu, Ismaël. Kai da bakinka ka ce ƙanƙarar nan ta yi shekaru dubbai kwance a wurin. Ba inda za ta. Na sayi itace, yana jibge a ƙofar gida. Alimeti dai ka taho da naka, namu ya ƙare wajen bincike.

Ina sonka, kuma ko me ka yanke ni taka ce har ƙasa ta rufe mini ido. Ni zan jira, na iya. Latifa ce ban san yadda zan ce mata ta dakata da girma ba.

Matarka jiya, yau da gobe,
Zeinabu