Rasuwar Gwaggon Jarirai, Mai Jan Littafin Shayarwa

Cikin alhini, amma da zukatan da suka sallama wa hukuncin Allah, Ƙungiyar Iyaye Mata Masu Jinyar Ciwon Dajin Hanta ta samu labarin rasuwar wadda ta assasa ta, kuma Shugabarta ta farko, Hajiyarmu da aka fi sani da Gwaggon Jarirai, wadda Allah Ya yi wa cikawa da hantsin ranar Talata a ɗakinta, kusa da keken ɗinkinta, a gaban maigidanta da 'ya'yanta huɗu.

Shekaru bakwai ke nan da aka gano cutar a hantarta tana ɗauke da cikin wata shida. Likitoci suka lallaɓa cikin har ta sauka lafiya, aka yi mata aiki, sannan aka shaida mata cewa muddin ana ɗura mata magani ta jijiya, ba za ta ba Auta nono ba. Mata uku suka karɓi shayarwar: ƙanwarta, da maƙwabciyarta, da matar direban motar asibiti. Tana kwance ta sa aka kawo mata littafi mai jan bango, ta rubuta sunayensu da na mazajensu da na 'ya'yansu, domin kada 'yan'uwan shan nono su tashi ba su san juna ba har wata rana a ɗaura musu aure. Takan yi raha cewa ta rage wa Auta manema tun kafin ta yi haƙori.

Daga wannan shafi ƙungiyarmu ta samo asali. Kowace Alhamis marigayiyar na kan benci a ƙofar ɗakin ganin likita, littafin a cinyarta. Ba ta taɓa yi wa kowa likitanci ba. Mai ciki in ta tsorata, sai ta raka ta ciki, ta tuna mata tambayoyin da ta manta. Ƙa'idarta ba ta canzawa: ba a miƙa jariri sai an gwada jinin mai shayarwa, mazajen sun amince, an kuma rubuta. Wadda ta zaɓi madarar gwangwani kuwa, sai ta koya mata dafa bulumboti, wato kwalbar shayarwa, ba tare da gori ba. Jarirai arba'in da uku suka shiga littafin.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga maigidanta, Malam mai gyaran agogo, da 'ya'yanta, da mahaifiyarta, Hajiya Babba. Allah Ya gafarta mata, Ya sa jinyarta ta zama kaffara, Ya ba iyalinta juriya da haƙuri mai kyau.

Ta bar shafi guda a buɗe. Makonni biyu kafin rasuwarta ta rubuta sunan wata malamar makaranta mai irin wannan ciwo, mai cikin wata takwas, ta yi mata alkawarin mai shayarwa kafin ta haihu. Mun san halin da malamar ta shiga da jin labarin, don haka muke sanar da ita da sauran jama'a cewa a wurin zaman makoki mata biyu sun miƙa kansu, ɗaya ita ce matar direban nan, wadda take goyo a halin yanzu. An gwada jininsu, mazajensu sun amince, Malam ya miƙa littafin ga Sakatariyar ƙungiya, an rubuta. Layi ɗaya ya rage a shafi na arba'in da huɗu, na sunan jaririn.

Sa hannu:
Ungozoma mai ritaya,
Mai Magana da Yawun Ƙungiya,
a madadin Shugaba da Majalisar Amintattu