Wanda Baba Yake Kira Magaji

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Anti da yara, ya ƙara maka buɗi a wurin aiki. Mu nan alhamdu lillahi. Umma tana fama da gwiwarta, har salla a zaune take yi yanzu. Baba kuwa da sauƙi, kamar yadda ake faɗa. Hannun dama bai motsa ba tun ranar da ya faɗi, amma magana ta fara fita, sai dai a kasa kunne sosai. Na'urar awon hawan jini da ka aiko ta iso, an gode. Na rubuto ne saboda a waya ba ka barina in kai ƙarshen magana, ni kuma ba zan katse yayana ba.

Ka ce in ajiye zangon koyon aiki in zauna da Baba, tunda ai kula da mutane nake karantawa a jami'a, gida ya fi cancanta ya ci moriyar karatun. Yaya, wallahi maganar nan ta ƙona min rai. Kai ne fa kake yi min dariya a da, kana cewa wai har sai an je jami'a kafin a iya ba mutum haƙuri. Yau karatun ya yi rana, amma ba don a bar ni in gama shi ba. Wannan ne zangon ƙarshe. Duk wanda bai cika kwanakinsa a cibiyar da aka tura shi ba sai ya maimaita shekara, ƴan ajinsu su fita su bar shi.

Duk da haka na bi maganarka. Ka ce in roƙi malamai su ɗauki jinyar Baba a matsayin koyon aikina, na je. Malamar da ke duba mu ta ba ni kujera, ta saurare ni tsaf, sannan ta ce ƙa'ida ta hana ɗalibi ya yi aiki a kan ɗan uwansa. Ka ji abin takaici: in na ɗaga uban wani a cibiya, na koya masa riƙe cokali, na zauna da iyalinsa muka tsara wanda zai kwana da shi, maki ne. In na yi wa ubana haka, fashi ne. A can kullum sai na tambayi iyalai wa ke taimaka wa mai jinya idan ta gaji. A gidanmu ba wanda ya taɓa yi min wannan tambayar.

Akwai kuma abin da waya ba ta nuna maka. Baba namiji ne, ni ƴarsa ce. Duk lokacin da na zo gyara masa jiki sai ya juya fuska bango, ya damƙe zanin gado da hannun da ke aiki, hawaye na gangarawa cikin kunnensa. Har ƙin shan ruwa ya riƙa yi don kada ya buƙaci a kai shi bayi.

Malamar ce ta ba da shawara a sa Baba cikin tsofaffin da cibiya ke ziyarta a gida. Aka turo wani ɗan ajinmu da muke tsokana da sunan Gajere, don tsabar tsayi sai ya sunkuya yake shiga ƙofa. Na ji ka ce wa Umma abin kunya ne bare ya shigo jinyar mutumin da yake da ƴaƴa. Gaskiyarka, yana da ƴaƴa, kuma ba ni kaɗai ba ce. Gajere yana zuwa da safe ya yi masa wanka, ya gyara masa gemu, ya motsa masa yatsu, ya fito da shi ya sha hantsi. Ni kuma na koma cibiya ina ɗaga iyayen wasu. Ba zan ajiye karatuna ba, Yaya. Sanar da kai nake yi, ba izini nake nema ba, Allah ya huci zuciyarka.

Abin da ya hana ni yin shiru shi ne, makon jiya Baba ya kama hannun Gajere ya kira shi Magaji, sunan da kai kaɗai yake kira da shi. Ya ce wa Umma ai dama ya san ɗansa ba zai bar shi ba, ya yi ta sa masa albarka. Gajere ya dube ni, na sunkuyar da kai, Umma ta tashi ta fita tsakar gida. Tun ranar Baba yake cin abinci sosai, yana shan ruwa, gari na wayewa idonsa na kan ƙofa. Ba wanda ya gyara masa, ni ma ba zan gyara ba. In kana so albarkar ta koma wurin mai ita, ka zo ka gyara da bakinka.

Ka gaishe min da Anti da kyau, ka shafa min kan yara. Umma tana gaishe ku, haka Kawu da Gwaggo. Baba ne kaɗai bai ba da saƙon gaisuwa ba, don a wurinsa kana nan, gobe da safe ma za ka zo.

Taka ƙanwa,
Auta