Kanwar da na ɓoye miki

Zuwa ga Madam Nora,

Gaisuwa mai yawa daga Sabon Garin Zariya. Na san ba za ki karanta wannan ba, don 'yarki ta rubuto mini watan jiya cewa an binne ki a garinku can ƙasar Ailan. Amma shekara talatin ina amsa wasiƙunki masu gurguwar Hausa, hannu ya riga ya saba.

Ta haɗo da guntun jarida mai hotonki. Ɗana ya fassara mini: babban gidan abincinki, lambobin yabo, shirin girki a talabijin. Na daɗe ina duba hoton, ina neman yarinyar nan da ta zo kicin ɗin masaukin baƙi a Samaru, rana ta mai da ita ja kamar tattasai, tana zagin murhu da yarenku. Na fito daga ƙauye ko cokali mai yatsu ban sani ba, ke kika mai da ni kuku.

Labarin gida ba yawa. Gwiwa ta ƙi, na daina kai burodi unguwar PZ da ƙafata. Sau biyu a mako nake hura tanderu, shi ma da kyar. Yaran ɗaya na acaɓa, ɗaya na sayar da katin waya, babu mai son toka. Na gaji, Madam, ba na ɓoye miki.

Akwai dai abin da na ɓoye. Kin tuna burodin ƙasarku da ba a sa masa yis, sai farar hodar nan ta gwangwani? Wata rana ga baƙi a hanya, na buɗe gwangwanin na tarar wayam. Tsoron bakinki ya sa na jiƙa kanwa na tace, na sayo nono wurin Bafulatana a bakin kasuwa, na kwaɓa. Kika gutsura kika ce ya fi na kakarki. Daga ranar haka nake yi. Da sabuwar hoda ta zo, tukwane na riƙa gogewa da ita don ki ga tana raguwa.

Da kika koma gida, burodin ya ƙi fito miki yadda kika sani. Kowace wasiƙa da tambayarta. Fulawar ce? Itacen ne? Ni kuma in ce ƙila ruwan Zariya ne, ƙila iskar Samaru. Da fari kunya ce. Daga baya na ga kin zama babba, masu mulki na cin abincinki. In na faɗa miki, me kuma za ki tambayi tsohon kuku? Na bar ki kina ɓata fulawa shekara da shekaru, don kawai in riƙa tarar da ambulan a akwatin gidan waya. Wannan abota ce ko mugunta? Ni ma ban sani ba.

'Yarki tana haɗa littafin girkinki, ta roƙe ni in rubuto yadda kika koya mini burodin Samaru. Jiya na rubuta mata gaskiya duka, na ƙulle kanwa a leda, na ba wani fadan coci da zai tafi ƙasarku. Ita za ta ci abin da kika mutu kina nema, kuma ba ta da sauran dalilin rubuto mini.

Ki yafe mini. Allah ya ba ki hutawa.

Kukunki na Samaru,
Istifanus