Askirim da Gwiwar Babanki

Autata,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya jikin naki, laulayin ya sassauta? Ya maigidan? Mu nan lafiya lau, sai kewarki.

Kada ki yi mamakin ganin wasiƙa. In na kira ki a waya, Babanki rage muryar rediyo yake yi ya kasa kunne, maganar kuwa tasa ce. Kin san likita ya ce ba zai yi masa aikin gwiwa ba sai ya rage nauyi. Shi kuma ya ƙudurta a ransa cewa in kin sauka, da ƙafarsa zai hau benenku ya ɗauki jikansa. Ku ma dai, ku rasa inda za ku kama haya sai can ƙololuwa, inda ko lifta babu!

Na hana shi soye-soye, na rage masa shinkafa, ganye kuwa har ya ce na mai da shi akuya. Muka koma asibiti, sikeli ko gezau. Na fara zargin mai burodin da ke kusa da shagonsa. Ashe ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Jiya na kai masa abincin rana ba zato, na tarar da shi gaban wata firiza da ya gama gyarawa, robar askirim a cinya, cokali a baki. Ya yi tsuru-tsuru.

Wai aiki yake yi. Ya ce ruwa ko firiza mai ciwo tana daskarar da shi, askirim ne kawai ba ya ƙarya. In ya kwana ya yi tauri, kuma harshe bai ji tsakuwar ƙanƙara a ciki ba, to gyara ya yi. Kowace firiza da robarta, zubarwa kuma almubazzaranci ne. Kin ji fa! Tumbin da nake taƙama girkina ne, ashe na firizojin mutane ne. Na ƙwace cokalin, na ce shi da askirim sai a mafarki.

Ki gaida maigidan, ki riƙa hutawa.

Mamanki.

*

Autata,

Bayan gaisuwa, ina fatan kina samun sauƙi. Na ji an ce kin fara nauyi, Allah ya raba lafiya.

Hukuncina bai haifar da ɗa mai ido ba. Babanki ya bi umarni, amma sai ya zama wani iri. Mutumin da ke cika gida da tsokana ya koma shiru, ya ci abinci kamar magani ya tashi. Ana nan sai wata mai sayar da kifi ta dawo da firizarta, kayanta duk sun lalace, don da ruwa ya gwada ta. Bai yi musu ba, ya ba ta haƙuri. Da yamma na same shi tsaye a gindin matakalar maƙwabtanmu yana kallon sama, ya ɗaga ƙafa ya mayar. Ya ce mini ga sana'a tana suɓuce masa, ga gwiwa ta ƙi, wataƙila jikan nan sai dai a sauko masa da shi kamar saƙo. Wallahi Auta, na shiga kicin na yi kuka.

Washegari na je wurin nas ɗin da ke ba mu shawarar abinci, na kwashe komai na faɗa mata. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce hani ƙaƙaf ba kasafai yake ɗorewa ba. A ba shi askirim ɗin kaɗan, bayan ya ci abinci, a ƙaramin mazubi, ba daga babbar roba ba, ranar kuma a manta da sukarin shayi.

Kin tuna ɗan kofinki mai hoton agwagwa? Shi na zaƙulo. Yanzu duk ranar gwaji ni nake zuwa shago, in ɗiba masa da hannuna. Ya lumshe ido, ya juya shi a baki, ya yanke wa firiza hukunci. Ranar da babu gwaji, ayaba nake daskarewa in markaɗa da yogot marar sukari. Ya ce wannan ƙanwar askirim ce, amma yana lashe kofin tas. Tsokanarsa ta dawo, bel ɗinsa ma an ƙara masa huda.

Ragowar robar kuwa, kada ki tambaye ni inda take zuwa. Ai kin ji an ce zubarwa almubazzaranci ne.

Taki har kullum,
Mamanki.

*

Autata, uwar jikana,

Barka, barka da arziki! Allah ya raya mana shi, ya ƙara miki lafiya. Tun da maigidanki ya kira, Babanki bai rufe baki ba.

Kin san an yi aikin, amma ba ki san cewa tun da ya ajiye sanda kullum yana kan matakalar maƙwabta ba, ya hau ya sauko, har matar gidan ta ce za ta fara karɓar haya. Mutane garin neman ƙiba suke samo rama, ni kuwa garin nema wa wani rama na samo ƙiba. Rigar da na ɗinka don zuwa wurinku ta ƙi shiga. Ya dube ni ya ce abin da ya sauke bai ɓata ba, yana nan cikin gida. Na yi kamar zan yi fushi, sai na ga idonsa ya kawo ruwa.

Muna tafe ranar Asabar. Ki sa ƙaramar roba a firizarku, don na san sai ya duba ta. Kofin agwagwa yana jakata.

Ga roƙona. Maigidanki ya ce zai sauko mana da yaron ƙasa don kada Babanki ya wahala. Ki gode masa, ki hana shi. Ko kun ji haki a matakala, ko kun ji shiru ya yi tsawo, kada wanda ya leƙo. Ki zauna da yaron a cinya, ki bar ƙofa a buɗe. Zai iso. Ina bayansa, da nawa hakin.

Mai ƙaunarki,
Mamanki.