Ni ke buɗe musu ƙofa, ni suka kora don makara

Anti mai shawara, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Ki yi haƙuri da rubutuna, karatuna bai yi nisa ba.

Shekarata huɗu ina shara a wani ƙaramin asibitin gwamnati, kuma makullin ƙofa a hannuna yake. Wata Litinin da safe na buɗe ɗakin rigakafi, sai ga ruwa kwance a gindin firij. Na leƙa baya, an zare wayarsa, butar shayin Oga, shugaban asibitin, ce jone a wurin tun Juma'a. Kwalaben allura sun yi ɗumi kamar a aljihu suka kwana. Oga ya zo, ya taɓa su da ɗan yatsa, ya mayar da wayar, ya ce in goge ruwan in kama bakina. Ruwan dai na goge. Amma da masu duba aiki suka tambaye ni ranar Laraba, na faɗi abin da idona ya gani, aka zubar da alluran.

Daga ranar littafin sa hannu ya bar teburin ƙofa ya koma durowar Oga. Ƙa'idarmu, ƙarfe takwas ake jan layi da jan biro, wanda sunansa ya faɗo ƙasa ya makara. Ni da nake zuwa shida da rabi, sai kowa ya sa hannu, an ja layi, sannan a miƙo min littafin. Shi kuwa da ba ya shigowa sai hantsi, kullum sunansa ne a sama, da sa hannunsa mai jela kamar ta ɓera. Na yi haƙuri, na ce zai gaji. Bai gaji ba. Bayan sati uku ya ba ni takardar kora, wai yawan makara.

Wana ya ce in kai ƙara, mahaifiyata ta ce ba a ja da gwamnati. Matata kuma cikinta wata bakwai. Shaiduna biyu ne: baba mai gadi, da nas ɗin rigakafi, wadda tana tsaye Oga ya mayar da wayar. To ita 'yar gwaggona ce, ita ta samo min aikin, kuma marayu uku take riƙe da su. Ina tsoron in ta ba da shaida ita ma a kore ta.

Mai Tsintsiya

Ƙanena Mai Tsintsiya,

Babban mutum ya zauna gadin littafi da jan biro don ya ga bayan mai shara! Wannan ba wayo ba ne, tsoro ne da ƙaranta.

Amma ka san inda kake da rauni: da hannunka ka sa hannu a ƙasan layi har sati uku, ba ka kai kuka ko'ina ba. Haƙurinka ne ya tara masa hujja. Mama ma tana da gaskiyarta, shari'a da hukuma tana jan lokaci, don haka ka nemi abin yi tun yanzu. Sai dai Oga ba shi ne gwamnati ba.

Cikin satin nan ka ga lauya, ko ofishin da ke taimaka wa marasa hali a shari'a, domin irin wannan ƙara takan zo da wa'adi. Ka adana takardar korar, ka rubuta ranakun duka, ka aika koke ga hukumar da ke saman asibitin. Kada ka taɓa littafin, lauya zai nemi a kawo shi tare da rahoton masu duba aiki.

'Yar gwaggonka kuwa, ka gaya mata komai, kada ka matsa mata, ka bar ta ta zaɓa. Baba mai gadi ya isa ya amsa tambayar da nake son ganin idon Oga idan an yi ta a gabansa: in kullum kana makara, wa yake buɗe musu ƙofa?

Allah ya sauki mai ɗakinka lafiya, ya mayar maka da makullinka.